Kafin fagen fama: rayuwar kurtu baƙar fata a barikokin Faransa, 1915-1918





In ana zancen ƴaƴan Afirka da suka yi ma Faransa yaƙi, abu biyu aka saba ambatawa, fagen fama da fansho. Ana faɗin jinin da suka zubar, sannan a tsallaka a faɗi ƴan kuɗin da aka riƙa ba su da tsufa. Amma tsakanin ranar da aka ɗauke saurayi daga garinsu da ranar da ya fara jin ƙarar igwa akwai watanni, kuma a bariki ya yi su, yana kurtu, ana koya masa soja. A kan waɗannan watanni nake son mu tsaya yau, domin a ganina nan ne aka yanke ma sojan Afirka farashinsa, kuma farashin nan shi ya bi shi har kabari. Zan ɗauki zamanin Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, lokacin da aka fara kwasar samarinmu da yawa zuwa Turai.

Sunan da Faransawa suka ba su shi ne "tirailleurs sénégalais", wato maharban Senegal, saboda a can aka kafa rundunar a 1857. Suna ne kawai. A cikinsu akwai Bambara da Mosi da Fulani da Sosso, akwai kuma Zabarmawa da Hausawa daga ƙasar nan, wadda a lokacin ake kira Yankin Soja na Nijar, cibiyarsa Damagaram. Kimanin mutum 200,000 Faransa ta ɗiba daga ƙasashen baƙar fata da take mulki a tsawon yaƙin, wajen 30,000 ba su dawo ba. Wanda ya fi kowa tallar wannan dabara shi ne Charles Mangin, hafsan da ya wallafa littafi a 1910 yana kiran Faransa ta cike giɓin ƙarancin haihuwarta da mazajen Afirka.

To, yaya mutum ke zama kurtu? A watan Oktoba na 1915 aka fitar da dokar neman mutum 50,000 daga Afirka ta Yamma. Gwamna ya raba adadin ga kumandodi, kumandan ya raba ga sarakuna, sarki ya raba ga masu gari. Nan fa ake yin ta. Mai gari ba zai ba da ɗansa ba, ba zai ba da ɗan liman ba, balle ɗan attajirin da ke rufa masa asiri in lokacin lanho ya zo. Sai ido ya koma kan wanda ba shi da mai tsaya masa: maraya, baƙo, ɗan talaka, da ɗan wanda jiya-jiya ake kira bawa. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma tamu ce, ba ta Nasara kaɗai ba. Masu ƙafa kuwa suka yi amfani da ita. Daga Maraɗi ko Tasawa ko Magarya, tafiyar kwana ɗaya ko biyu ta isa mutum ya shiga ƙasar Katsina ko Daura, inda Ingilishi ke mulki, ya zauna wajen dangi har ƙura ta lafa. A yammacin ƙasar da ake kira Burkina Faso yau, mutane ba gudu suka yi ba, makami suka ɗauka, aka yi babban tawaye daga ƙarshen 1915 zuwa 1916.

Wanda aka kama sai a kai shi gaban likitan soja. A tuɓe shi tsirara gaban jama'a, abin da ɗan mutunci bai taɓa gani ba tun kaciyarsa, a auna tsayinsa da nauyinsa da faɗin ƙirjinsa, a buɗe bakinsa a duba haƙori kamar yadda ake yi ma doki a kasuwa. Ana mayar da mutane da yawa gida saboda rama ko cuta. Kada mu manta samarin nan ba su daɗe da fita daga yunwar 1913 da 1914 ba, wadda kakanninmu suka laƙaba ma suna Kakalaba. Wanda likita ya yarda da shi sai magatakarda ya rubuta sunansa yadda kunnensa ya jiye masa, sau da yawa a karkace, ya haɗa masa da lamba. Daga ranar nan lambar ce sunansa na gaskiya a idon hukuma. Da ita za a kira shi, da ita za a hore shi, ita ce kuma za a karanta a ɗan ƙarfen da ke ɗaure a hannunsa in ya faɗi.

Sai tafiya. Babu dogo, babu mota. Daga Damagaram zuwa bakin kogi a Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma da ƙafa ake cin su, ƙarƙashin tsaron masu bindiga, a wasu wurare har da igiya don kada a sulale cikin dare. Daga nan a ci gaba har gaɓar teku, a ɗan fara koya musu tsayuwa da juyawa, a zuba su cikin jirgin ruwa. Mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne tabkin Madarunfa, ga shi kwana goma ko fiye a ƙarƙashin jirgi, cikin zafi da amai, jiragen Jamus masu nutso suna farauta a ƙasa. Ranar 8 ga watan Yuni 1917 aka harbi jirgin Sequana kusa da gaɓar Faransa, yana ɗauke da kurata 400 daga Dakar. Mutum 198 a cikinsu suka nutse. Abin da ya ƙara yawan mamatan shi ne, da aka ba da umarnin shiga kwale-kwalen ceto, akasarinsu ba su ji abin da ake faɗi ba, don ba su san Faransanci ba. Ku riƙe wannan, zan komo kan maganar harshe.

Wanda Allah ya fisshe shi ya sauka a Bordo ko Marsai, jirgin ƙasa zai kai shi bariki. Manyan barikokin baƙar fata suna kudancin Faransa, a Fréjus da Saint-Raphaël, bakin Bahar Rum, inda aka fara gina su a 1915. An zaɓi wurin ne saboda sanyinsa da sauƙi. Tun hunturun 1914 hafsoshi suka ga cewa sojan Afirka ba ya iya zaman ramin yaƙi cikin ƙanƙara, ƙafafu na daskarewa har a yanke su. Saboda haka aka tsara janye su daga fagen fama kowace shekara daga wajen Nuwamba zuwa bazara, a mayar da su kudu. Wannan janyewa suka kira "hivernage", kalmar da mu a nan muka sani da ma'anar damina. Kurtun da ya ji an ce za a kai shi hivernage, in yana jin ɗan Faransanci, wataƙila ya tuna gona da ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari. Abin da ya tarar daban ne.

Ɗakin kwanansa doguwar rumfa ce ta katako, irin wadda ake haɗawa cikin gaggawa, rufinta takarda mai kwalta, mutum gommai a jere bisa katifun ciyawa, murhun ƙarfe a tsakiya. Wanda ke kusa da murhu ya yi barci, wanda ke bakin ƙofa ya kwana yana makyarkyata. Tun duhu bai washe ba begila za ta tashe shi. Ya naɗe bargo, ya karɓi ruwan gahawa a kwanon ƙarfe, ya fito a jeru a kira lambobi. Kafin ya fito kuwa sai ya yi fama da kayan jikinsa: jar dara a ka, jar ɗamara ta ulu a ciki, doguwar riga mai nauyi, da wani dogon ƙyalle da ake naɗewa daga idon sawu zuwa gwiwa, wanda in ba a iya naɗinsa ba sai ya warware tsakiyar fareti ya jawo ma mai shi horo. Babban abokin gabansa a makonnin farko shi ne takalmi. Ƙafar da ta girma a yashi, ba ta san kome ba sai fate ko huntun ƙasa, an cusa ta cikin busasshiyar fata mai ƙusoshi an ce ta yi tafiyar kilomita da yawa da kaya a baya, kayan da nauyinsu ke kai kilo 30.

Safiya ta fareti ce da atisaye. Dama, hagu, tsaya, juya, ɗaga bindiga, sauke bindiga, sau ɗari, har jiki ya riƙa yi ba tare da ya nemi shawarar kai ba. Sannan harbi. Akwai bindigar da aka ƙera a 1907 musamman don su, mai cin harsashi uku, wadda daga baya aka gyara aka raba ma sauran sojojin Faransa. A koya masa warware ta da share ta da haɗa ta, a koya masa soke buhun ciyawa da wuƙar bakin bindiga yana ihu, da jefa gurnati, da haƙa rami ya ɓuya, da rarrafe ƙarƙashin waya mai ƙaya. Tun da aka fara yaƙi da hayaƙi mai guba a 1915, sai aka ƙara masa darasin sa takunkumin fuska cikin ƙiftawar ido. Yana kuma rataye da adda, wadda a gida ta saran daji ce, amma farfagandar ɓangarorin biyu ta mayar da ita alamar wai baƙin soja dodo ne mai sare kawuna. Faransa ta yi amfani da wannan suna don tsorata Jamus, Jamus ta yi amfani da shi don ƙin jin ƙan wanda ta kama.

Da hantsi a ci abinci, da maraice a sake ci. Shinkafa ce galibi, da ɗan nama, da burodi. Hukuma ta yi ƙoƙarin kawo barkono da goro don ta san darajarsu a wajen mutanen nan, amma gero babu, balle hura da nono. Akwai naman gwangwani wanda sojojin Faransa da kansu suka laƙaba ma suna "singe", wato biri. Naman sa ne, amma ku ɗauka Musulmi ne ya tambayi tafinta ma'anar sunan abin da ke cikin kwanonsa. Ga tambayar wa ya yanka, ga tsoron naman alade a cikin miya. Azumin 1916 ya faɗo cikin watan Yuli, na 1917 ya kama daga ƙarshen Yuni, lokacin da yini a Faransa ke wuce awa 16 daga alfijir zuwa faɗuwar rana, kuma begila ba ta san azumi ba. Masallacin nan ja da ake nuna ma baƙi a Fréjus, mai kama da na Jenne, sai tsakanin 1928 da 1930 aka gina shi, shekara goma bayan an gama yaƙi. Kurtun 1916 a bayan rumfa ya yi sallarsa, in ya sami wanda ya nuna masa gabas.

Bayan azahar kuma aikin bariki: share fili, ɗebo ruwa, fasa dutse, kwashe masai, wankin kaya. Mai laifi a hana shi fita, ko a sa shi gudu da cikakken kaya har ya faɗi, ko a rufe shi a kaso. Mari da shuri ba sa cikin littafin doka, amma suna cikin bariki.

Yanzu ga maganar harshe, wadda nake ganin ita ce zuciyar al'amarin. Hafsoshi Faransawa ne, Faransanci suke yi. Ƙananan shugabanni baƙar fata, su sarjan da na ƙasa da shi, da yawansu Bambaranci suke yi, domin shi ne harshen bariki tun zamanin cin ƙasar Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau. Saboda haka Bahaushe ko Bazabarme baƙo ne sau biyu: bai ji na Bature ba, bai ji na sarjan ba. Umarni sai ya bi ta baki biyu ko uku kafin ya iso kunnensa, in ma an sami mai fassarawa. In ya yi jinkiri a ce taurin kai ne, in ya juya hagu maimakon dama a ce daƙiƙi ne. Baƙo ko da ido makaho ne, in ji Hausawa, to ina ga wanda aka haɗa masa da kurumta.

Maganin da rundunar Faransa ta samo abin mamaki ne. A 1916 aka buga wani ɗan littafi a Paris don koya ma hafsoshi irin Faransancin da za su riƙa yi da sojojin Afirka. Ku lura, littafin na hafsoshi ne. An cire ma harshen kusan dukkan ƙa'idojinsa: aikatau ba ya sauyawa, babu bambancin namiji da mace, kalma ɗaya ga kowane abu, jerin jimla kuma an kwaikwayo na Bambaranci. Wato an zauna an ƙera gurguwar magana, aka koya ma Bature, Bature ya koya ma kurtu, sannan aka juyo ana dariyar kurtu wai haka bakinsa yake. Har kamfanin Banania ya ɗauki hoton soja mai jar dara yana washe baki ya manna a gwangwanin kayansa tun 1915. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, muka san abin da ake rataya ma yaro a wuya in ya kuskura ya yi Hausa a farfajiya, bai kamata wannan labari ya zame mana baƙo ba. Manufar guda ce: a ba ka harshe gwargwadon abin da zai sa ka bi umarni, a hana ka wanda zai sa ka yi tambaya.

Su kuratan sun gane. Wata mai zane Bafaransa, Lucie Cousturier, tana da gida daf da barikin Fréjus. Daga 1916 sojoji suka fara shigowa lambunta, ta shiga koya musu karatu da rubutu na ainihin Faransanci, kuma a littafin da ta wallafa a 1920 ta ba da labarin yadda suka san sarai cewa maganar da aka koya musu a bariki abin ba'a ce a bakin mutanen gari. Bayan wahalar yini guda, mutum ya ɗauki alli ya zauna gaban wata baƙuwa yana koyon baƙaƙe. Wannan ya isa amsa ga wanda ya ce ba su da kai.

Abin lura kuma, ɗan uwansa da ya tsere Katsina, in ƙaddara ta sa ya shiga sojan Ingilishi, da Hausa za a ba shi umarni, domin ita ce harshen rundunar Najeriya a lokacin, har ana bukatar hafsoshi Turawa su koye ta. Ba ina cewa can aljanna ba ce. Can akwai bulala a cikin doka, kuma an kwashe su zuwa Kamaru da Afirka ta Gabas inda yunwa da cuta suka ci da yawa. Amma aƙalla ya san abin da ake ce masa.

Da dare, kafin begilar kashe fitila, nan ne kurtu ke komawa mutum. A nemi ƴan gari ɗaya ko masu harshe ɗaya, a raba goro, a yi dara da tsakuwa, wani ya duba layunsa da gurunsa ya tabbata suna nan. Wanda ya yi allo a gida ya zama malamin rumfa, shi ke rubuta ma sauran wasiƙa da ajami, wasiƙar da sai ta bi ta hannun masu tace saƙo, ta yi watanni a hanya, in ta isa. Tun Yulin 1915 sojan Faransa na samun hutun ƴan kwanaki ya je ya ga matarsa da ƴaƴansa. Na Afirka ba shi da inda za shi. Hukuma ma ba ta son ya saba da mutanen gari, musamman mata, don gudun kada ya koma gida ya daina ganin Bature da kwarjini. Har asibitocinsu aka ware, kamar na garin Menton, inda sama da 1,000 daga cikinsu ke kwance a maƙabarta.

Akwai bariki guda da ya kamata kowane ɗan lakwal a ƙasar nan ya san sunansa: Courneau, kudu da Bordo, kusa da tekun Atlantika. Da Fréjus ta cika, sai aka gina shi a 1916, ɗaruruwan rumfunan katako a cikin fadama, wurin danshi da iska mai ratsa ƙashi. Mutanen da aka janye daga fagen fama don a tsare su daga sanyi, su da sababbin kurata da ba su taɓa ganin hunturu ba, aka zuba a nan. Ciwon huhu ya shiga cikinsu. Ana kwana da mutum yana tari, a wayi gari an fitar da shi. Blaise Diagne, ɗan Senegal, baƙar fata na farko daga Afirka da aka zaɓa a majalisar dokokin Faransa a 1914, ya ta da maganar a majalisa a ƙarshen 1916. Ba a rufe barikin a hunturun nan ba. Wani likitan soja mai suna Kérandel ya riƙa gwada sabuwar allurar rigakafin ciwon huhu a jikinsu, kuma ba sai na faɗa muku ko an nemi yardar kurtun da ba ya jin harshen likita ba. Cikin shekara ɗaya da ƴan watanni sama da mutum 900 suka mutu a Courneau, aka binne su a rami ɗaya bisa wani tudun yashi da ake kira Natus. Babu Bajamushe ko ɗaya da ya harbe su. A 1917 aka kwashe waɗanda suka rage, aka kawo sojojin Rasha, bayansu na Amurka.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi da su sau da yawa. Da buƙatar mutane ta matsa, an tura bataliyoyi gaba da horon ƴan watanni. A watan Afrilu na 1917 aka fito da su daga barikokin kudu tun sanyi bai wuce ba, aka kai su Chemin des Dames ƙarƙashin Mangin ɗin nan dai. Ranar 16 ga wata suka fita daga ramuka cikin ruwa da ƙanƙara, yatsu sun sandare har wasu ba sa iya sarrafa bindiga. Cikin kwanaki kaɗan, daga mutum wajen 15,000, an rasa dubu shida zuwa bakwai, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace. Masana tarihi sun yi saɓani a kan ko yawan mutuwar sojan Afirka ya zarce na Bafaranshe in an yi lissafin yaƙin baki ɗaya, kuma adalci ne mu faɗi cewa Faransa ta rasa ƴaƴanta kimanin miliyan 1 da dubu 400, talakawanta ma ba a tausaya musu ba. Sai dai ɗan manomin Faransa yana kare ƙasarsa, yana da ƙuri'a, yana jin abin da hafsansa ke faɗi. Ɗan manomin Gobir ba shi da ko ɗaya cikin ukun.

A 1918 gwamnatin Clemenceau ta aiko Diagne da kansa ya nemo wasu, da alkawura a hannu: sauƙin lanho, kuɗi ga iyali, fita daga dokar indijena, da hanyar zama ɗan ƙasar Faransa ga wanda ya yi fice. Ya tara mutum 63,000 a Afirka ta Yamma. Kaɗan ne suka ga cikar alkawarin. Abin da ya biyo baya shi ne dokar 30 ga Yuli 1919, wadda ta mayar da ɗibar soja abin kowace shekara, aikin shekara uku, ko ana yaƙi ko ba a yi. Sauran kun san shi: harbin Thiaroye ranar 1 ga Disamba 1944, inda aka buɗe wuta a kan sojojin da ke neman haƙƙinsu, da dokar Disamba 1959 da ta daskarar da fanshon mazan jiyan Afirka, wadda sai a 2010 kotun tsarin mulkin Faransa ta ce ta saɓa ƙa'ida. A lokacin babu sauran ko ɗaya daga kuratan Fréjus da Courneau. Abdoulaye Ndiaye na Senegal, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshensu, ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1998, ana gobe za a maƙala masa lambar girma.

Jama'a, zargin Faransa abu ne mai sauƙi, kuma a zamanin nan ba ya bukatar jarumta. Abin da ya fi wuya shi ne mu juyo da tambayar gida. Rundunarmu, da aka kafa a 1961, ta gaji bariki da begila da harshen umarni daga waccan. A watan Fabrairu na 1992 ƙananan sojoji suka kama gidan rediyo a Yamai saboda albashin da ba a biya ba. A 2002 na Diffa suka yi bore a kan kuɗi da halin zama. A Inates cikin Disamba 2019 mun rasa soja 71, a Shinagodar cikin Janairu 2020 mun rasa 89, galibinsu samari. Ƙasar da ke kiran ƴaƴanta su shiga soja a lokacin yaƙi, ko farar hula ke mulkinta ko mai kaki, wajibi ne ta yarda a tambaye ta: ɗan wa ake ɗauka, ɗan wa ake tsallakewa? Me kurtu ke ci, kuma kuɗin abincinsa na isa tukunya cikakku? Wata nawa ake horar da shi kafin a tura shi daji? In ya kwanta ciwo a bariki wa ke duba shi, in ya mutu wa ke zuwa ya gaya ma uwarsa, kuma da wane harshe? Wanda ya yi waɗannan tambayoyi ba maƙiyin soja ba ne, kuma ɗan jaridar da ya buga su bai tona asirin tsaro ba.

Roƙona na ƙarshe ga ɗalibai da malaman tarihi ne. Ma'aikatar tsaron Faransa ta sa takardun waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 a intanet, a ma'ajiyar da ta kira Mémoire des hommes, kowane mutum da katinsa: suna, lamba, bataliya, inda aka haife shi, inda ya mutu da abin da ya kashe shi. Sunayen garuruwanmu a karkace suke a ciki, sai ɗan ƙasa zai gane su. A kuma gidaje da yawa a Tawa da Dogon Dutsi da Damagaram akwai tsohuwar adaka mai ɗauke da littafin soja na kaka, ko lambar girma, ko wasiƙar ajami da gara ta fara ci. A nemi izinin iyalai a ɗauki hotonsu, a haɗa da katunan can, a fitar da sunayen gari-gari, a karanta su a rediyo da Hausa da Zabarmanci, ko wani zai ji sunan da kakarsa ta riƙa ambata.